Masu Karanta Goshin Tsohuwar Mota

Idan mota ta mutu a Katsina, ƙarshenta sikelin 'yan gwangwan. Ana sassare ta da gatari, a auna kilo, a loda a tirela. Amma kafin gatari ya sauka akwai abubuwa biyu da mai ido ke roƙon a bar masa: tambarin da ke goshin motar, da murfin da ke rufe cibiyar ƙafarta. Nauyinsu bai taka kara ya karya ba, don haka mai sikeli ba ya jayayya. Wanda ya fi kowa kusa da wannan ilimi shi ne tsohon bakanike ko mai gyaran jikin mota, wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashin Peugeot 404 da 504, lokacin da su ne ke jigilar mutane tsakanin Katsina da Kano, ko ta Jibiya zuwa Maraɗi.

Aikin farko shi ne cirewa, kuma nan ake gane gwani. Tambari yana da ƙananan ƙafafu a bayansa, masu shiga ramuka a jikin mota, an ɗaure su da noti ko maƙali ta ciki. Mai gaggawa sai ya cusa sukudireba ta gaba ya ɓanɓare, ƙafafun su karye, darajar abin ta tafi. Gwani ta baya yake bi. Yana ɗiga kananzir ko baƙin mai a kan notin, ya tafi sabgarsa, wani lokaci sai washegari. Idan yaron shago ya ɗauko filaya, sai ka ji ya ce, "Kai yaro, bar shi ya sha mai tukuna." Da ya dawo sai ya sa ƙaramar sifana, ya ƙara ɗaure notin kaɗan kafin ya fara kwancewa, domin wannan ɗan motsi ne ke karya tsatsa.

Sai wanki. Katsina ta yi wa masu wannan aiki gata, domin bushewar iskarmu ba ta cin ƙarfe kamar raɓar bakin teku. Sai dai ƙurar hunturu yashi ce mai kaifi, kuma wanda ya goge tambari a bushe da tsumma ya yi masa zane har abada. Saboda haka ana fara jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu, a bi lungunan haruffa da tsohon buroshin haƙori, a tsokale abin da ya saura da tsinken itace. Samfefa ba ta kusantar wurin. Ruwan tsamiya ko lemun tsami yana fito da hasken tagulla, amma gwani ba ya sa shi sai ya tabbatar ba a yi wa ƙarfen rufi ba, don tsami yana cin rufi.

Tsofaffin tambura na farkon ƙarni na 20 ba fenti ne a kansu ba. Garin gilashi mai launi ake zubawa a ramukan da aka buga a jan ƙarfe ko tagulla, a gasa a wuta har ya narke, a goge ya yi sumul, irin rufin langar da iyayenmu mata ke jerawa a ɗaki. Shi ya sa launinsa ba ya kodewa, amma bugu ɗaya ya isa ya tsage shi. Mai hankali ba ya cike tsagar da fentin kasuwa. Yana barinta a yadda take.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masu wannan aiki suke juya tambari su karanta bayansa kafin su kalli fuskar. Na asali da injin matsi ake buga shi, don haka gefen haruffansa a tsaye yake, kuma sau da yawa akwai sunan maƙerin a baya, kamar J. Fray na Birmingham a kan tamburan motocin Ingila. Na jabu kuwa zuba shi ake yi a kwarmin da aka ɗauka daga na asali. Ƙarfe yana tsukewa idan ya huce, don haka jabu yakan ɗan gaza girma, gefensa ya yi laushi, bayansa ya fito da ƙananan ramukan iska. Gwani yana gwada maganaɗisu, wanda ba ya kama tagulla, yana auna tazarar ƙafafu, yana jin nauyi a tafin hannu.

Fuskar kuma tana ba da shekara. Zakin Peugeot ya girmi motar kanta, domin an yi masa rajista a 1858, lokacin da kamfanin ke ƙera zarto da kayan ƙarfe a Faransa. A 1960, shekarar da 404 ta fito, kamfanin ya koma amfani da kan zaki a cikin garkuwa, sannan a 1975 aka dawo da zaki cikakke da aka zana da layi kawai. A shekarar ce kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Tauraron Mercedes mai ƙafa uku an yi masa rajista a 1909, zoben ganyen da ke kewaye shi kuma gadon Benz ne, bayan haɗewar kamfanonin biyu a 1926. Wanda ya dace yana iya cin karo da tambarin Steyr da aka harhaɗa a Bauchi, ko Fiat ta Kano, ko Leyland ta Ibadan.

Murfin ƙafa ma yana da nasa karatun. A zamanin Ford Model T, daga 1908 zuwa 1927, ɗan ƙaramin kofi ne mai tiredi, wato layukan da ake murɗawa, aikinsa riƙe giris da hana ƙasa shiga boris, da sunan kamfani a samansa. Sai daga baya ya faɗaɗa ya zama ado. Idan ya lotsa, ana kifa shi a kan jakar yashi, a bi lotsewar daga gefe zuwa tsakiya da gudumar itace, bugu kaɗan-kaɗan, ana shafawa da yatsa bayan kowane bugu. Mai bugun tsakiya kai tsaye yana miƙar da ƙarfe, kuma ƙarfen da ya miƙe da wuya ya koma. Wannan aiki yakan cinye yammaci guda.

Daga ƙarshe ana shafa ɗan kakin zuma, a naɗe kowane ɗaya a tsumman auduga daban don kada su gogi juna. Sannan a ɗaura masa 'yar takarda da zare, a rubuta irin motar, da garejin da aka ciro shi, da shekarar da aka samo shi.