Ayawaska: Suna Ɗaya, Ƙarfi Daban-daban

A dazukan Amazon na ƙasashen Peru, Brazil, Kolombiya da Ekwado, masu maganin gargajiya sun daɗe suna dafa wani haɗi mai ɗaci da ake kira ayawaska, wanda 'yan Kolombiya ke ce wa yahe. Akan dandaƙa sassan wata kurangar daji mai suna Banisteriopsis caapi, a jera su a tukunya hawa-hawa da ganyen cakruna, a yi ta tafasawa sa'o'i da dama har ruwan ya tsotse ya yi kauri. Masanin tsirrai ɗan Ingila, Richard Spruce, ya tarar da ƙabilar Tukano na shan ruwan kurangar nan a 1852.

Ƙarfin haɗin ya dogara ne a kan yadda tsirran biyu ke taimakon juna. Ganyen na ɗauke da sinadarin DMT mai sa gane-gane, amma idan aka sha shi kaɗai, wani sinadari da ke hanji da hanta yakan rushe shi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Kurangar ce ke da harmin da harmalin, masu dakatar da wannan rushewar. Da an sami ƙari ko ragi a ɗaya ɓangaren, abin da mai sha zai ji ya sauya ke nan.

Hanyoyin samun bambancin kuwa suna da yawa. A Kolombiya sau da yawa ganyen cagropanga ake sawa maimakon cakruna. Mabiya ƙungiyar addinin União do Vegetal, wadda aka kafa a Brazil a 1961, suna rarrabe kuranga iri biyu: kaupuri mai gaɓoɓi kumburarru, da tukunaka mai santsi. Binciken da J. C. Callaway ya wallafa a 2005 kan samfurori daga ƙungiyoyi irin wannan ya nuna tazara mai faɗi a yawan sinadaran daga tukunya zuwa tukunya. Wasu masu dafawa ma sukan ƙara taba, ko toé, ɗan'uwan zaƙami, wanda yawansa ke iya gusar da hankali ko ya halaka mutum.

A ganina, a nan ne darajar al'adar take. Tsohon mai magani bai taɓa ɗaukar tukwane biyu daidai ba. Ya san inda ya saro kurangarsa, shi ya tsaya a bakin wuta, yakan sha tare da jama'arsa, yana kuma auna wa kowa gwargwadon jikinsa. Wannan sanin shi ne ma'auninsa.

Kasuwar baƙi masu yawon buɗe ido a garuruwa irin su Ikitos ta fara raba maganin da wannan sanin. Ana sayen haɗin a jarka, mai miƙa ƙoƙon bai san abin da aka zuba ba, mai sha kuma wataƙila yana kan maganin ciwon damuwa wanda haɗuwarsa da harmin ke da hatsari ƙwarai. Peru ta ayyana wannan ilimi a matsayin gadon al'adun ƙasa a 2008. Kare gadon ba zai yiwu ba sai an tilasta wa duk mai bayarwa ya san abin da ke cikin tukunyarsa, ya kuma faɗa wa mai sha.