Yatsan likita da jakar da ke ɓoye a bayan dubura

A wurinmu, duk abin da ya fito a dubura basir ne, kuma mai lasifika a tasha yana da maganinsa a kwalba. Likitan fiɗa ba ya yanke hukunci da wuri haka, ko a Kano ne ko a Babban Asibitin Kuala Lumpur.

Da yatsa yake farawa. Majiyyaci ya kwanta ta gefen hagu, likita ya sa safar hannu, ya shafa mai santsi, ya shiga a hankali. Kimanin santimita 2 daga bakin dubura akwai wasu 'yan ramuka masu fitar da ruwa mai yauƙi. Idan ɗaya ya toshe, yawanci maruru yake zama. Jefi-jefi kuwa sai ya koma jaka mai ruwa. Akwai kuma wata jakar da ake haifar mutum da ita tsakanin hanji da ƙashin gindi, ta fi samun mata. Masu bincike biyu, Hjermstad da Helwig, sun tattara bayanin irin wannan jaka guda 53 a 1988.

Maruru yana da zafi da zogi. Ita jaka taushi gare ta, santsi, tana lotsawa a ƙarƙashin yatsa. Mai gaggawa sai ya tsaga ta ya matse, bayan 'yan watanni ta sake cika. Gwani ba ya ko soka mata allura, don kada ƙwayar cuta ta shiga, ko ciwon daji ya bazu idan yana ciki. Hoton MRI yake nema, ya ga inda ta tsaya.

In ta yi ƙasa, sai a kifar da majiyyaci, a yanka ta gefen ƙashin gindi, hanyar da Paul Kraske ya bayyana a Jamus a 1885. Nan aikin yake. Yatsan hannu ɗaya yana cikin dubura yana tsaron bangon hanji, ɗaya hannun yana ɓamɓare jakar kaɗan-kaɗan, kamar mahauci yana cire matsarmama kada ta fashe ta ɓata nama. Ga tsokoki biyu masu riƙe bayan gida a kusa. Kuskure kaɗan, mutum ya rasa riƙo.

In jakar ta fita ɗungurungum, sai a kai ta ɗakin gwaji, a yanka fatarta siriri, a duba a madubin ƙara girma ko akwai daji.