Wa Ke Riƙe da Alƙalami? Tarke a Kan Littattafan Tarihi da na Yaƙi

Al'adarmu ce a sassan nazarin Hausa, idan aka zo batun rubutaccen zube, a karkasa shi gida biyu, wato ƙagaggen labari da wanda ba ƙagagge ba. Da zarar an gama wannan rabo kuwa, sai malami da ɗalibi su duƙufa a kan kashi na farko, su bar na biyu yana jiran tsammani. Ga shi kuwa a cikin wannan kashi da aka yi wa riƙon sakainar kashi ne ake samun littattafan tarihi, da tarihin rayuwar mashahuran mutane, da labarun yaƙe-yaƙe, waɗanda mutane da dama ke karantawa don jin daɗi kawai, ba don wata jarrabawa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa irin waɗannan littattafai adabi ne, kuma daɗin da ake ji a cikinsu daga kayan aikin adabi yake fitowa: zaɓen tauraro, da tsara aukuwa, da muryar mai ba da labari. Saboda haka tambayar da muke yi wa ƙagaggen labari ita ce ta dace da su, wato wa ke magana, kuma daga ina yake hangen abin da yake faɗi? Za a ɗauko misalai daga wannan yanki namu na Nguru da Gashuwa, domin a nan ne tambayar ta fi ciwo.

Limamin Sarki da Labarin Yaƙi

Ƙasar Barno tana cikin wuraren da suka riga kowa rubuta labarin yaƙi a wannan ɓangare na Afirka. A shekarar 1576 Imam Ahmad ibn Furtu, babban limamin Birnin Gazargamu, wanda kufansa ke kusa da Gaidam a Jihar Yobe ta yau, ya rubuta littafi da Larabci a kan shekaru 12 na farkon mulkin Mai Idris Alauma. Bayan shekara 2 ya ƙara wani a kan yaƙe-yaƙen Kanem. H. R. Palmer ya fassara na farkon zuwa Ingilishi a 1926, sannan Dierk Lange ya sake fitar da shi da kyakkyawan tahaƙiƙi a 1987.

Duk wanda ya karanta wannan littafi zai shaida cewa limamin nan gwanin ba da labari ne. Bai tsaya ga cewa an fita an ci nasara an komo ba. Yana nuna dabara: yadda Mai ya shigo da bindigogi da masu harba su, da yadda yake kafa sansani kusa da garun abokan gaba ya zauna musu, da yadda ake sare itatuwan da suke fakewa a ciki, a kuma lalata musu amfanin gona har yunwa ta yi abin da takobi ya kasa. Irin wannan filla-filla shi ne gishirin labarin yaƙi a kowane harshe, domin shi ke sa mai karatu ya ji kamar da shi aka yi shawara a zauren sarki.

To, amma a nan ne gizo ke saƙa. Ibn Furtu limamin Mai ne, a bayansa rundunar take salla, kuma don ɗaukaka Mai ya ɗauki alƙalami. Cikin al'ummomin da ya ba da labarin an yaƙa akwai Ngizim, waɗanda harshensu ɗan'uwan harshen Bade ne na jini. A littafin, waɗannan mutane ba su da wani matsayi sai na masu taurin kai da ake zuwa a ladabtar. Ba mu jin abin da suka ce, ba mu ganin gonar da aka lalata da idon mai gonar. Ɗalibin da ya fito daga Gashuwa ko Potiskum yana iya shagala da daɗin labarin har ya riƙa murna da nasarar Mai, bai ankara ba cewa watakila kakanninsa ne a cikin garun da aka kewaye. Wannan kuwa shaida ce ta ƙarfin salon marubucin, kuma dalili ne na karanta shi da ido biyu.

Haka abin yake game da yaƙin Gogaram. Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya kuma addabi gabashin Kano, ya gamu da ajalinsa ne a 1863 sanadiyyar yaƙin da ya kai wa Badawa a Gogaram, birnin da Lawan Babuje ya kafa tun kafin hedikwatar masarautar ta koma Gashuwa. A yawancin rubuce-rubucen da ke hannunmu, wannan yaƙi yana zuwa ne a matsayin babin ƙarshe na rayuwar Buhari. Shi ne tauraro, Gogaram kuwa wurin da labarinsa ya tsaya ne kawai. Da Babade ne ya riƙe alƙalamin, da wannan rana ta zama ƙololuwar labari, ranar da ƙaramar masarauta ta kayar da sarkin da ya gagari rundunar Sakkwato. Aukuwar ɗaya ce, shekarar ɗaya ce, babu wanda ya yi ƙarya, amma zaɓen tauraro ya sauya ma'anarta baki ɗaya.

Na Hausa Fa?

Ba za a ce Hausa ba ta da rabo a wannan fage ba. Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a juzu'i biyu a farkon shekarun 1930, inda aka mayar da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci zuwa Hausa. A zamanin NORLA aka sami Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu da Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. A 1973 Malam Aminu Kano ya fitar da Rayuwar Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur. Daɗin waɗannan littattafai yana ga harshensu, domin Hausa ce ta zaure, mai tafe da kirari da karin magana, ga jeranta sarakuna da shekarunsu kamar ana jan carbi. Sai dai kowannensu da gidan da ya fito. Waziri yana magana ne daga Sakkwato, Dokaji daga fadar Kano, Malam Aminu kuwa ɗalibi ne kuma abokin gwagwarmaya da ke rubuta tarihin jagoransa. Ko Yaƙin Duniya na Biyu na Abubakar Imam, wanda ya fito yaƙin bai ƙare ba, an rubuta shi ne a ƙarƙashin inuwar gwamnatin Ingila, wadda ita ma tana cikin masu faɗan. Ba aibi ba ne marubuci ya kasance da gida. Aibin yana ga mai karatun da bai tambayi gidan ba.

(A nan ya kamata a tuna da Ganɗoki na Bello Kagara, na 1934. Ƙagaggen labari ne, amma kashinsa na farko ya jingina da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa na gaskiya, kuma a ganina har yau babu littafin Hausa da ya fi shi kama zafin filin daga. Abin mamaki ne a ce ƙagaggen labari ya riga littafin tarihi zuwa wannan wuri.)

Maimalari a Hannun Marubuta

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Birgediya Zakariya Maimalari, ɗan ƙauyen Maimalari a ƙasar Yusufari, arewa da Gashuwa. Yana cikin 'yan Nijeriya biyu na farko da suka shiga makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, ya sami muƙamin hafsa a 1953, kuma a farkon 1966 shi ne kwamandan Birged ta Biyu a Legas. A daren 14 ga Janairu na wannan shekara ya yi liyafa a gidansa da ke Ikoyi, wasu daga cikin waɗanda suka ƙulla juyin mulki suna cikin baƙinsa. Da asubahin 15 ga wata sojoji suka zo kama shi, ya kuɓuce musu ya fita da ƙafa. A kan hanya ya hangi motar Manjo Emmanuel Ifeajuna, babban hafsan ofishinsa, ya tsayar da ita yana zaton ya sami mataimaki. Ifeajuna kuwa yana cikin jagororin juyin, kuma a nan aka harbe shi.

Da wani ɗalibi ne ya kawo mini wannan a matsayin ƙagaggen labari, da na ce masa ya cika gishiri, domin arashin ya yi yawa. Amma haka ta faru, kuma wannan yana cikin sirrin daɗin littafin tarihi, wato mai karatu ba ya iya kare kansa da cewa ai ƙirƙira ce.

Abin nazari shi ne yadda wannan dare ya kasance a hannun marubuta daban-daban. A 1981 mutum biyu daga cikin waɗanda suka yi juyin suka fitar da littattafansu: Adewale Ademoyega da Why We Struck, Ben Gbulie kuma da Nigeria's Five Majors. Dukansu da bakin "ni" da "mu" aka rubuta su, kuma dukansu suna da jan hankali, musamman na Gbulie, wanda ke tafe da hira da sauri kamar labarin 'yan leƙen asiri. Mai karatu yana shiga ɗakin shawara tare da matasan hafsoshi, yana jin tsoron kada asiri ya tonu, har ya wayi gari yana fatan shirin ya yi nasara. A irin wannan tsari, manyan hafsoshin da aka kashe suna komawa sunaye ne a jerin abin da za a kawar. Salo ne ya yi wannan aiki, domin duk wanda aka ba wa muryar "ni" ya riga ya sami rabin zuciyar mai karatu.

A shekarar da ta biyo, kamfanin Hudahuda na Zariya ya fitar da martani biyu: Let Truth Be Told na D. J. M. Muffett da The Five Majors: Why They Struck na A. M. Mainasara. A lura da sunan littafin Mainasara, yadda ya haɗe sunayen littattafan Gbulie da Ademoyega ya mayar da "mu" ta koma "su". Tun daga bango an san cewa shari'a ake yi, kowa yana gabatar da hujjarsa. Waɗannan littattafai biyu sun kawo abin da na farkon suka tsallake, amma zafin martani ya rage musu daɗin karatu, domin mai kare kansa ba ya samun sukunin ba da labari.

Sai a 2014, shekara 48 bayan rasuwarsa, Maimalari ya sami littafin kansa, wato The First Regular Combatant na Haruna Yahaya Poloma, wanda aka gina bisa tunanin mutanen da suka san shi. A nan ne sunan da ke cikin jeri ya koma mutum mai mahaifa da abokai da halaye. Wannan babban aiki ne, kuma ya cancanci yabo. Duk da haka, irin wannan zubi na tattara shaidar masoya yana da nasa tarko, musamman a al'ummar da ta hori mutum da ya ambaci mamaci da alheri. Mai karatu na iya fitowa da hoton da babu inuwa a cikinsa, alhali inuwa ce ke sa hoto ya yi kama da mai shi. Shawarata ga ɗalibi ita ce ya ajiye littafin Poloma da na Gbulie a kan tebur ɗaya, ya karanta babi daga nan, babi daga can.

Wani abin takaici shi ne, duk waɗannan littattafai biyar da Ingilishi suke. Dattijon da ke zaune a Yusufari, ko ɗan kasuwar Nguru da ke karanta Hausar boko sarai, ya san Barikin Maimalari a Maiduguri, amma ƙofar waɗannan littattafai a rufe take gare shi. Haka labarin Bama yake. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Kaladan da Arakan tsakanin 1943 da 1945, 'yan Arewa sun yi yawa a cikinsu har Hausa ta zama harshen bariki, kuma sunayen wuraren da suka yi faɗa suna nan a kan barikokinmu, kamar Myohaung da Arakan a Legas. Amma wanda ke son cikakken labarin sai ya nemi War Bush na John Hamilton, na 2001, ko Another Man's War na Barnaby Phillips, na 2014. Tsofaffin sojojin da suka ba da labarin Bama da Hausa a bakin kasuwa da tashar jirgi sun tafi da nasu a baki.

Ga masu sha'awar ƙirƙira da ke rubutu a wannan mujalla, fili a buɗe yake. Nguru kaɗai ta isa littafi: mazaunin Galadiman Barno ce a da, sannan ta zama ƙarshen layin dogo da ya iso daga Kano a 1930, wanda ya jawo fataken gyaɗa da na shanu da na fata, ya tara Mangawa da Hausawa da Fulani da mutanen Kudu a gari ɗaya. Gogaram ma tana jiran wanda zai ba da labarin 1863 daga cikin ganuwa. Sai dai wanda zai yi wannan aiki da Hausa ya sani cewa tambayar da muka yi wa Ibn Furtu da Gbulie tana jiransa shi ma. Dattijan da zai zauna gabansu a Gogaram da Badanci suka gaji labarin, na Nguru kuwa da Manganci, kuma cikin rundunar da ta zo ta kewaye Gogaram a waccan shekara, Hausa ake yi.