4.3 Ƙarasa Waƙar Wanda Ya Rasu: Amana ko Cin Amana?

A wannan sashe za a duba ko ya halatta wani ya ƙarasa waƙar da mai ita ya rasu bai kammala ba. Ra'ayin wannan bincike shi ne ya halatta, muddin an bayyana inda hannun mai ƙarasawa ya shiga.

Misalin da ya fi shahara a Turai shi ne na Mozart, wanda ya rasu a Biyana a shekarar 1791 bai gama kiɗansa na addu'ar mamaci ba. Almajirinsa Süssmayr ya ƙarasa shi, aka miƙa wa mai aikin tamkar duka na Mozart ne. Laifin yana ga ɓoyewar, domin ta bar masana cikin jayayya a kan rabon kowannensu.

Hausawa kuwa suna da al'adar tahamisi, inda ake ƙara layi uku a kan kowane baiti mai ƙwar biyu. Waƙar "Tabban Haƙiƙa" Shehu Usmanu ne ya yi ta da Fillanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isan Kware ya yi mata tahamisi. Ko da yake ba ƙarasawa aka yi ba, tsarin baitin kansa yana nuna wa mai nazari layukan asali da na ƙari.

Saboda haka, duk wanda zai taɓa waƙoƙin makaɗan ƙasar Katsina, irin su Mamman Shata da ya rasu a 1999, wajibi ne ya faɗi inda marigayi ya tsaya da inda shi ya ɗora.