Dabaru Huɗun Kurege: Hukuncinmu Kan Gardamar Samarin Layinmu

 Duk wanda ya bi ta ƙofar shagonmu da yamma cikin makonnin nan ya ga samari sun yi dandazo a kan benci, kowa da waya a hannu, murya na tashi kamar ana rabon gado. Wasu iyaye sun tambaye mu ko rigimar kuɗi ce. Ba ita ba ce. Gardama ce a kan wasan Pokémon, kuma ta yi zafi har abokai biyu da suka tashi tare suka daina gaisawa. Da suka ce mu raba su, sai muka ce ba ma yanke hukunci a kan abin da ba mu gani ba. Muka zauna suka koya mana dokokin, muka kalli wasan da ake gardamar a kansa har sau uku.

Wasan ya fito daga Japan a 1996. Mutum yana tara wasu halittu, ya horar da su, ya haɗa su faɗa da na abokin karawa. Abin da ya sa ya zama wasan lissafi kamar dara shi ne, kowace halitta dabaru huɗu kacal aka yarda ta riƙe. Kamar a ba ka shago mai kanta huɗu ne: duk hajar da ka ɗora, ka hana wata wuri. A gasar duniya kuwa biyu-biyu ake karawa, naka biyu da nasa biyu a fili lokaci guda.

A gasar 2014 da aka yi a birnin Washington na Amurka, wani ɗan Koriya ta Kudu mai suna Se Jun Park ya ci kambun duniya, ya doke Jeudy Azzarelli a wasan ƙarshe. Cikin tawagarsa akwai wani ɗan mitsitsin kurege mai wutar lantarki a kumatu, ana ce masa Pachirisu, wanda kafin ranar ba a ɗaukarsa a bakin komai. Dabarunsa huɗu sunayen Turanci ne da su, mu dai ga yadda muka raɗa musu na Hausa: Ku Biyo Ni, Gogar Kumatu, Cizon Rabi, da Garkuwa.

Ɓangare na farko na samarinmu sun ce wannan zubin sa'a ce kawai, domin babu dabara ko ɗaya mai kisa a ciki. A cire Cizon Rabi, in ji su, a sa masa tsawa mai ƙarfi. Ɓangare na biyu suka ce zubin da ya ci duniya ba a taɓa shi, haka ma suke kwafarsa a duk wasan da suka shiga.

To, 'yan ɓangaren farko, ku yi haƙuri, nan kun faɗi. Ƙarfin dukan Pachirisu a ma'aunin wasan 45 ne, alhali manyan dodanni irin su Garchomp suna da 130. Ko wace tsawa ka ba shi, dukan ɗan yaye zai yi. Cizon Rabi kuwa ba ruwansa da ƙarfin mai cizo: rabin abin da ya rage na ran abokin gaba yake yankewa, ƙato ne ko ƙanƙane. Wato an nema wa mai raunin hannu makamin da ba ya buƙatar hannu. Haka Gogar Kumatu, ƙarfinta 20 ne, abin dariya, amma in ta taɓa ka sai jikinka ya shanye, gudunka ya ragu, wani zubin ma ka kasa motsi gaba ɗaya. Akwai kuma wata hikima da wani ƙaramin yaro a cikinsu ya nuna mana, wanda manyan ba sa bari ya yi magana. A wasan akwai dabarar Gatse, wadda ke hana halitta yin komai in ba duka ba. To da yake Gogar Kumatu da Cizon Rabi a cikin duka ake lissafa su, ko an yi wa kuregen Gatse yana da sauran aikin yi. Wallahi wannan ya burge mu.

Amma zuciyar zubin ita ce Ku Biyo Ni. In kurege ya yi ta, duk dukan da aka auna wa abokin tafiyarsa sai ya karkato kansa. Abokin kuwa shi ne Gyarados, ƙaton macijin ruwa da ke buƙatar a ba shi sarari ya yi wata rawa da ke ƙara masa ƙarfi da gudu. Babban abin da macijin ke tsoro shi ne lantarki, shi kuwa kurege an zaɓa masa baiwar shanye lantarki, in an jefe shi da ita ƙara masa lafiya take yi. Ga kuma wani ɗan itace da yake riƙe da shi, wanda yake ci ya farfaɗo idan ransa ya kai rabi. A wasan ƙarshen an ga dodon nan Salamence ya sauke masa dukan da ake zaton zai share shi, kura ta lafa, sai ga kurege a tsaye yana cin ɗan itacensa. Ba a tambayar karen mota me ya sa bai iya tuƙi ba. Aikinsa ya sa wejin taya, ya sha rana, direba ya kai kaya.

Wani zai ce ai akwai Amoonguss, mai kamar laimar kwaɗi, da kowa ke ɗauka don irin wannan aiki a lokacin. Gaskiya ne. Sai dai ita da hoda take jawo dukan, hodar kuma ba ta kama halittun ciyawa, ba ta kama wanda ya sa tabarau na kariya. Ga shi tana tsoron shahon wuta Talonflame da ya cika fili a shekarar, shi kuwa kurege dukan tsuntsu bai cika yi masa illa ba. Park ya dubi kasuwar shekararsa ne ya sari abin da ba kowa ke da shi ba.

Garkuwa ba sai mun daɗe a kanta ba. A 2014 Kangaskhan ce ke mulki, tana da wani mari na zuwan farko da ke riga Ku Biyo Ni sauka ya ruɗar da kurege. Ba Garkuwa, ba kurege.

Yanzu 'yan ɓangare na biyu, kada ku yi saurin tafi, naku laifin ya fi ba mu haushi. Mun ga da idonmu ɗayanku ya shiga wasan ɗaya-da-ɗaya da wannan zubin. Haba! Wa za a biyo, wa za a kare, alhali kurege shi kaɗai ne a fili? Kanta guda ka bari fanko. Ban da haka, zubin yana da ramuka ko a zamaninsa. Girgizar ƙasa kowa take duka lokaci guda, Ku Biyo Ni ba ta karkatar da ita, kuma ita ce ajalin kurege. Cizon Rabi ba ya kama halittun fatalwa irin su Gengar da Aegislash, yakan kuskure sau ɗaya cikin goma, kuma shi kaɗai da wuya ya ƙarasa mai sauran rai, rabi yake ta yankewa. Gogar Kumatu ba ta taɓa halittun ƙasa. Sannan dokar ma ta canza: a 2014 shanyewar jiki tana mayar da gudu kashi ɗaya cikin huɗu, tun daga wasannin 2016 rabi kawai take ragewa. Goron da ya yi tsada bara ba lallai ya yi bana ba, duk ɗan Sabo ya san wannan. Kan mage kuma ya waye, yau ba wanda zai ga kurege ya raina shi, alhali rainin nan na cikin abin da ya ba Park nasara.

Hukuncinmu ke nan: a wasan biyu-biyu na 2014, tare da Gyarados a gefe, ba mu ga dabara ɗaya cikin huɗun da za a cire ba tare da an yi asara ba. A wajen wannan tawagar kuwa, zubin bai fi matsakaici ba.

Mun karanta wa abokan nan biyu wannan kafin mu miƙa wa edita. Kowannensu ya ce mun fi karkata ga ɗayan, suka haɗu suna yi mana gardama, daga nan suka tashi tare zuwa wajen mai shayi. Sun ce ranar Asabar za su gwada zubin, sau ɗaya da Gyarados, sau ɗaya ba shi. Mun yarda a yi a bencinmu bayan la'asar, da sharaɗin ba a sa ko sisi a kai, kuma a bar ƙaramin yaron nan ya yi alƙalanci. Kowa ya zo da cajarsa, tamu ta gaji.