Wace ce wannan "al'ummar duniya"?

Ranar 1 ga Oktoba 2016 gwamnatin Amurka ta janye hannunta daga babban kundin sunayen intanet, kundin da aka rubuta cewa .ne na Nijar ne, .fr na Faransa. ICANN, ƙungiyar da aka kafa a 1998, ita ke riƙe da shi, amma kafin wannan rana duk gyaran da za a yi masa sai ma'aikatar kasuwancin Amurka ta amince. Tonon sililin da Edward Snowden ya yi a 2013 ya sa ƙasashe da dama suka ƙara matsa lamba, sai a Maris 2014 Washington ta ce za ta miƙa wa "al'ummar duniya". Sanata Ted Cruz ya yi ta kururuwa wai an sayar wa Sin da Rasha intanet. Ba abin da ya faru.

Ni dai wannan kalma ce ta tsaya mini a wuya. Mu ƴan ilimin harshe, in aka ce "al'umma" sai mu tambaya: su wa? Cire sa hannun gwamnati guda abu ne mai kyau, ban musa ba. To amma ICANN har gobe a Los Angeles take, dokar jihar California ke hukunta ta. Rikicin sunan .africa, wanda Tarayyar Afirka ke da ruwa da tsaki a cikinsa, a kotunan California aka yi ta jan sa, sunan bai fito ba sai 2017.

Ana cewa ƙofa a buɗe take ga kowa. Haka ne, ga wanda ke da biza, da kuɗin jirgi, da Ingilishin lauyoyi, tunda da shi ake rubuta takardun aiki, fassara ta biyo baya. A 2012 da aka buɗe neman sababbin sunaye, kuɗin takarda kaɗai dala 185,000 ne. Cikin buƙatu 1,930, guda 17 suka fito daga Afirka.

Ku duba haruffanmu ma. An gina tsarin kan baƙaƙen Ingilishi, saboda haka suna mai ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ sai an juya shi zuwa wata lamba mai farawa da xn-- kafin na'ura ta gane. Masar da Saudiyya sun samu sunayensu da Larabci a 2010 don sun nema, sun zauna a teburin. Mu kuwa muna rubuta "kasa" a adireshi, mai karatu ya canka: ƙasa muke nufi, ko kasawa.