Milimita Huɗu Tsakanin Jita Biyu

Idan aka jingina jitar gargajiya ta Sifen kusa da wadda 'yan kasuwa ke kira kurosoba, mai wucewa zai ɗauka uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kowacce tsirkiya shida ce, uku na nailan zalla, uku kuma zaren nailan da aka naɗe da siririyar waya. Sai makaɗi ya ɗora hannun hagu a wuya yake jin bambancin. Faɗin wuyan ta gargajiya daga sama milimita 52 ne, fuskarsa a shimfiɗe. Na kurosoba wajen 48 ne, da ɗan doro irin na jita mai tsirkiyar ƙarfe.

Surar ta gargajiya ta zauna ne a hannun Antonio de Torres, maƙerin jita ɗan Almeriya da ya rasu a 1892. Shi ya faɗaɗa cikinta, ya jera siraran itatuwa a ƙarƙashin allon gaba don allon ya yi sirara ba tare da ya lotsa ba. A 1862 har ya yi wata da baya da gefuna na kwali, don ya nuna cewa muryar jita daga allon gaba take fitowa, kuma tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. Tsirkiyar hanjin dabba ake ɗaura mata har lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da hanjin ya yi wuya. Daga nan Albert Augustine a Niyok, da goyon bayan makaɗin jita Andrés Segovia, ya fitar da ta nailan.

Faɗin wuyan nan ba ado ba ne. Kiɗan makaɗin jita Tárrega, ko na Bach da aka mayar kan jita, murya biyu ko uku ne ke tafiya lokaci guda: yatsa ɗaya na danne wannan tsirkiya, ta kusa da ita kuma dole a bar ta ta yi ta amo. Ga shi nailan ba ya ɗaurewa tamau kamar ƙarfe, lilonsa ya fi faɗi. In wuri ya matse, tsokar yatsa ta shafi maƙwabciya, murya ɗaya ta mutu nan take. Shi ya sa makaɗin gargajiya yake zama, jita a cinyar hagu, babban yatsa a ɓoye bayan wuya, faratan dama a goge sumul.

Wanda ya tashi da jitar ƙarfe ko ta lantarki kuwa ba haka hannunsa ya saba ba. A tsaye yake kiɗa, babban yatsansa na leƙowa ta saman wuya, ga ganga da lasifika a bayansa. Yana son taushin nailan, amma ba ya son sake koyon riƙo. Mawaƙi Willie Nelson ya yi maganin abin tun 1969: ya sa aka saka na'urar ɗaukar sauti a jitarsa ƙirar Martin N-20, ya yi ta dukanta da 'yar robar kaɗawa har allon ya huje. A farkon shekarun 1980 kamfanin Gibson ya fitar da jitar nailan mai sunan makaɗi Chet Atkins, mai jiki kusan a cushe don kada ta yi kuwwa a gaban lasifika. Kamfanin Godin na Kanada ya biyo da Multiac a 1993. Yau yawancin kurosoba an yanke musu kafaɗa ɗaya don hannu ya isa sautukan sama, an kwantar da tsirkiya kusa da wuya, an kuma sa sandar ƙarfe a cikin wuyan don saiti.

Akwai abin da aka sadaukar, kuma masu talla ba su cika faɗa ba. Ƙarfin jan nailan kusan rabin na ƙarfe ne, saboda haka allo mai nauyi ko ciki marar zurfi yakan shaƙe shi. Cire wayar lasifika daga kurosoba da yawa, sai a ji muryar ta tsuke, ba ta cika ɗaki. Na'urar da ke ƙarƙashin tsirkiya ma ta fi kama ƙarar bugu fiye da numfashin katako. Ɗalibin da ke nufin kiɗan Tárrega, in ya fara da kurosoba don sauƙinta, zai biya bashin daga baya. Sai dai raina ta da wasu malaman gargajiya ke yi rashin adalci ne, don an yi ta ne saboda dandalin da jitar Torres ba za ta ji kanta ba.

Rodrigo da Gabriela, 'yan Meziko da suka fito daga kiɗan metal, sun nuna yadda rabon yake a dandali guda. Dukansu Yamaha mai nailan suke riƙewa. Rodrigo, da ke jan karin da 'yar roba cikin gudu, ya ɗauki mai siririn wuya. Gabriela, da ke watsa yatsu a kan tsirkiya tana kuma dukan allon da tafi, ta tsaya a kan mai faɗi.